Fistin Ɗin Da Ya Raba Ni Da Yaya Lawan

'Ya'yana, kun taso kun tarar ba ma shiga gidan Baba Lawan, 'ya'yansa kuma ba sa gaishe ku a hanya. Na san kun ji magana iri-iri a bakin dangi. Wasu sun ce na kai yayana ƙara a ƙasar Larabawa, wasu sun ce na tona shi don in gaji matsayinsa a wurin aiki. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku amsa ba, domin yana raye a lokacin, kuma babu yadda zan wanke kaina ba tare da na sake tona shi ba. Yanzu ya rasu, mahaifiyarmu Inna ta rasu, ni ma ƙafa ta fara ja. Ga yadda abin ya faru. Ban ƙara ba, ban rage ba, Allah ne shaidata.

Yaya Lawan ne ya kai ni Doha. Kafin nan shi ya fara ɗora min sifana a hannu, tun muna Funtuwa yana acaɓa. Ba ku san shi da ƙafafunsa ba, shi ya sa zan faɗa muku irinsa. Dogo ne, mai dariya da ƙarfi, ba ya tsoron komai mai taya. Ya fara da tuƙi a gidan wani Balarabe, daga baya ya koma wurin wani mutum da muke kira Abu Jasim, mai ba da hayar motocin rairayi a kudu, can bayan Mesai'id inda tuddan yashi ke gangarawa har bakin teku. Motocin nan bagi ake ce musu: ƙarfe ne zalla, kujera biyu, babu ƙofa babu gilashi. Masu yawon buɗe ido ke hawa, direba ya yi ta hawa da sauka da su a kan tudu suna ihu. Da Abu Jasim ya nemi makaniki, Yaya ya ce yana da ƙane. Haka Abu Jasim ya zama kafil ɗina, wato wanda takardar zamana ke ƙarƙashin sunansa.

Abu Jasim ya yi karatu a ƙasar sanyi, can ya ga wani irin babur da ake gudu da shi a kan dusar ƙanƙara. Injin wannan babur ƙarami ne, mara nauyi, silinda biyu, amma ƙarfinsa ya fi girmansa. Sai ya riƙa sayo tsofaffinsu yana ɗora wa bagi. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji, ga ni ina kwana ina tashi da injin da aka ƙera dominta. A ƙasarsu, ƙanƙarar da babur ɗin ke watsawa ita ke sanyaya shi. A wurinmu babu ita, sai muka ɗaura masa babban lagireto da fanka, muka toshe duk kafar da yashi zai bi. Duk da haka inji ne mai saurin fushi. Abin da ya fi mutuwa a cikinsa shi ne fistin, curin ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin silinda. In fistin ya narke ko ya liƙe, inji ya buga ke nan, nan take, ba ya jan rai.

Babban makanikinmu Basudane ne, Usta Awad. Dattijo ne siriri, ba ya son surutu, ya fi shekara ashirin a ƙasar, iyalinsa na can gida. A garejinmu na Sana'iyya, unguwar masana'antu ta Doha, yana da wani kanta da ya jera matattun fistin a kai. Duk wanda ya mutu ba a yar da shi sai ya sa na faɗi abin da ya kashe shi. Da haka na koya. In yashi ne ya shiga, za ka ga ƙananan zane a gefen da iska ke shigowa, kamar an goge shi da sanfefa. In baƙin mai ne ya yanke, jikinsa duka zai goge ya bushe. In an taka totur inji bai ɗumama ba, fistin zai kumbura kafin silinda ta buɗe, sai ya bar tabo a kusurwa huɗu. In makaniki ne ya sa ringi, zoben da ke kewaye da fistin, ba daidai ba ya karye, kan fistin zai yi ƙananan ramuka kamar an daddake shi da guduma. In kuwa fetur ya yi kaɗan iska ta yi yawa, wuta takan yi zafin da ya wuce kima, kan fistin ya yi fari kamar toka, bakinsa na wajen salansa ya zagwanye.

“Wannan na ƙarshen shi ne mugu,” in ji Usta wata rana. “Domin kafin ya mutu, injin ya fi kowane lokaci daɗin tuƙi.”

Dokokinsa kaɗan ne. A bar inji ya ɗumama kafin a fita. A wanke matatar iska kullum. A cire fulogi a duba launinsa: in ya yi kalar ƙasa lafiya, in ya yi fari a kashe motar. Sannan kada kowa ya taɓa jet. Jet wani ɗan ƙaramin ƙarfen tagulla ne a cikin kafireto, bai fi ƙwayar masara ba, da huda a tsakiyarsa inda fetur ke bi. Usta yakan sa mai faɗin huda, don fetur ya wadata ya sanyaya fistin. Direbobi ba sa so, sun ce motar na yin nauyi. Yaya ne ya fi kowa ƙorafi, domin shi ne direban da baƙi ke nema da suna, wanda ke yanka gefen tudu a karkace har yashi ya rufe rana.

“Usta, motar nan kamar jaki mai ciki,” yakan ce yana dariya.

“Jaki yana dawowa gida,” Usta ya ce masa. “Khalas, shi ke nan.”

A Wukair muke kwana, ɗaki ɗaya, mu Hausawa. Na ukunmu shi ne Malam Iliya, mutumin Giwa, mai gadin wani rukunin gidaje. Shi ke mana limanci, shi ke dafa mana tuwon semo ranar Juma'a da kukar da matarsa ke aiko masa. Mutum ne mai sanyin hali. Ya daɗe a Qatar amma bai taɓa zuwa rairayi ba, daga bakin ƙofar da yake gadi sai ɗaki. Yana shirin tafiya gida hutu, ya ce yana so ya ɗauki hoto a kan tudu ya nuna wa 'ya'yansa mata. Yaya ya ce zai kai shi da kansa ranar Juma'a da safe kafin baƙi su zo.

Tsakiyar sanyi ne. Mutane ba sa yarda in an ce Qatar na sanyi, amma a rairayi da safe har hannu yakan ƙage. Muna zaune a bakin tanti muna shan shayi, ni da Usta, suka fita. Malam Iliya ya ɗaga mana hannu, hular kwano ta yi masa yawa. Motar ita ce wadda Usta ya sa wa sabbin fistin da ringi a makon. Muna jin kukanta daga nesa. Na lura Usta ya ajiye kofinsa. Kukan ya yi siriri, ya yi tsini fiye da yadda muka saba. Muka hango su sun hau babban tudun, Yaya ya karkata yana yanka gefensa kamar kullum. A irin wannan wuri gudu ne kaɗai ke riƙe mota. Suna tsakiyar gangaren sai kukan ya ɗauke gaba ɗaya. Motar ta tsaya cak kamar tana tunani, sannan ta zame, ta kifa, ta yi ta juyawa har ƙasa.

Da muka isa, Malam Iliya ya riga ya cika. Wuyansa ne. Yaya na kwance rabin jikinsa a ƙarƙashin ƙarfe, idonsa biyu, yana cewa in cire masa takalmi ƙafarsa ta yi sanyi. Na cire. Bai ji na cire ba.

Tun da rai ya salwanta, magana ta koma hannun hukuma. Direba na asibiti bayansa a karye, kuma kowa ya shaida inji ne ya mutu a kan tudu. Aka tambayi wanda ya yi aikin injin na ƙarshe. Usta Awad ya ce shi ne. Suka tafi da shi da kayan aiki a jikinsa. Aka jawo motar garejin Sana'iyya, aka turo wani jami'i mai binciken haɗari. Mutum ne mai natsuwa, ya san aikinsa, ya kuma faɗa min gaskiya cewa injin mota ya saba da shi, don haka yana son in kwance a gabansa in faɗa masa abin da na gani. Na cire kan silinda. Ringi ya karye, gutsattsarinsa sun daddaki ko'ina. Jami'in ya ɗauki hoto, ya ce ga alama sabon ringin ne bai zauna daidai ba. Ya ce zai dawo bayan hutun mako a kwance sauran, sannan ya ɗauki bayanina.

Amma ni na riga na ga abin da ke ƙarƙashin ramukan. Kan fistin ɗin fari ne fat. Bakinsa na wajen salansa ya zagwanye kamar kitse, shi ne ya kama ringin ya karya shi. Ringin bai kashe fistin ba, fistin ne ya kashe ringin. Fulogin ma fari ne, da ɗige-ɗigen narkakken ƙarfe a bakinsa. Bayan jami'in ya tafi na buɗe kafireto na duba, ban cire komai ba. Jet ɗin da ke ciki ba namu ba ne. Masu ƙaramar huda ne. Da irinsu mota takan yi zafin nama, kuma a lokacin zafi tana iya jurewa. Amma iskar sanyi ta fi kauri, ta fi neman fetur. Wanda ya sa su ya samu gudun da yake so, sanyin safiyar nan kuma ya ƙarasa sauran.

Na tafi asibiti da la'asar. An ɗaure Yaya a gado, ba ya iya juya komai sai wuya da hannu. Na zauna kusa da kansa.

“Yaya, wa ya canja jet?”

Ya kalli silin. “Ka buɗe ke nan.”

“Na buɗe.”

“A babur na sha yi, Habu. Kai ma ka sani. Ba a taɓa samun matsala ba.”

“Babur ɗin Funtuwa daban ne.”

“Na sani yanzu.” Hawaye ya gangara zuwa kunnensa, ba shi da halin sharewa, na share masa. Sai ya kama hannuna. “Na asalin suna cikin aljihun jakata baƙa, a ɗaki. Makullin gareji na hannunka. Ka mayar da su. Ringi ya karye, kowa ya gani. Ka bar shi a haka.”

“Usta fa?”

“Tsoho ne, ba za su riƙe shi da yawa ba. Kuskuren aiki ne za a ce. Ni kuwa in aka ce ni ne, ni na kashe Iliya ke nan. Dube ni, Habu. Wannan bai isa ba?”

Na ce zan je in yi sallah.

Kafin in isa Wukair Yaya ya sa wani ya kira masa gida. Wayata ta yi ƙara ina cikin bas. Inna ce. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. A bayanta ina jin muryar Anti Rabi, matar Yaya, da kukan ƙaramarsu.

“Habu, ɗan'uwanka ya faɗa min akwai abin da zai fitar da shi, kuma yana hannunka.”

“Inna, akwai wani bawan Allah a tsare, ba shi da laifi.”

“Ni na haife shi?”

“A'a, Inna.”

“To ni wanda na haifa nake magana a kai. Shi ya goya ka. Shi ya kai ka inda kake. Ba na son dogon bayani, ban san ƙarfe ba. Ka yi abin da ya ce.”

Anti Rabi ta karɓi wayar. Ta ce min yaransu ƙanana ne, in na bari aka rubuta ubansu a matsayin wanda ya kashe mutum, da wane ido za su shiga mutane. Ta ce Basudanen nan ko sunan garinsu ban sani ba. Gaskiya ta faɗa, ban sani ba.

Na shiga ɗaki. Katifa uku, ni kaɗai. Jakar Malam Iliya na nan a ɗaure, da tsarabar da ya saya wa 'ya'yansa. Na buɗe aljihun jakar Yaya, na samu jet ɗin guda biyu a naɗe a cikin leda. Na zuba su a tafin hannuna. Ba su da nauyin komai. Aikin mayar da su ba zai kai tsawon shan kofin shayi ba, kuma babu mai ganina. Ba zan ɓoye muku ba, washegari da safe na je garejin da su a aljihu, na buɗe ƙofa, na ɗauko sukundireba. Na tsaya a gaban kantan Usta. Tabaransa na nan inda ya ajiye, da tabarmar sallarsa a naɗe. Na tuna ranar da aka tafi da shi bai ce ba shi ba ne. Ya dai ce shi ya yi aikin. Ya san irin aikin da ya yi, ya kuma ji kukan injin nan kamar yadda na ji, amma bai ambaci sunan kowa ba. Yana can yana jira ya ga abin da zan karanta a jikin fistin ɗin da ya koya min karantawa.

Na mayar da sukundireba. Na kulle garejin, na hau mota zuwa Mu'aizar, gidan Abu Jasim. Na same shi a majalisarsa shi kaɗai. Na ajiye ledar a gabansa na faɗa masa komai. Ya juya jet ɗin a hannunsa, ya san abin da suke nufi ba sai na yi bayani ba.

“Ɗan'uwanka ne,” ya ce.

“Uwa ɗaya uba ɗaya.”

“Za ka iya maimaita wannan a gaban jami'i?”

“Zan iya.”

Ya kalle ni. Sannan ya ce in sha ruwa, fuskata ba ta da kyau.

Na maimaita. Jami'in ya kwance kafireto da hannunsa, ya gwada jet ɗin, ya je asibiti. Yaya bai musa ba. Aka saki Usta Awad. Ranar da ya fito ya zo gareji ya ɗauki tabaransa, ya dafa kafaɗata, bai ce na gode ba, ni ma ban so ya ce ba. Bai ƙara wata biyu ba ya tattara ya koma ƙasarsu, ya ce ba zai iya sake kama ringi ba. An binne Malam Iliya a Doha. Ni na aika wa iyalinsa jakarsa. Da suka ji yadda abin ya kasance, matarsa da mahaifinsa suka aiko cewa sun yafe, ƙaddara ce, Lawan bai yi da niyya ba. Wannan yafiyar ce ta sa hukuncin ya zo da sauƙi. Da jikin Yaya ya yi ƙwarin tafiya, aka sa shi a jirgi a kan keken guragu, da hatimin ba zai sake shiga ƙasar ba. Na je filin jirgi. Ya ce wa mai tura shi kada ya tsaya.

Matsayin da aka ce na gada, ga shi: Abu Jasim ya rufe harkar bagi a ƙarshen wannan sanyin, ya sayar da injunan a matsayin tsohon ƙarfe. Na koma wani gareji ina canja baƙin mai da birki har na gama zamana a Doha. Inna ta yi shekaru ba ta ɗaukar wayata. Abin da nake aikowa gidan Yaya, Anti Rabi takan karɓa ta hannun kawunku Sale, bisa sharaɗin kada a faɗa masa daga ina yake. Lokacin aurena da mahaifiyarku Inna ta zo, ta zauna, ta tafi ba ta ci abinci ba. Sai a ciwonta na ƙarshe ta bari na riƙe mata kofi ta sha. Ba ta tayar da maganar ba, ni ma haka.

Mutane sun sha tambayata ko na yi nadama. Ba ni da amsa mai daɗi. Da za a mayar da ni wannan safiyar, abin da na yi shi zan sake yi. Amma kada wani ya ce muku gaskiya ta biya ni. Ban ga ladanta a nan ba, ina dai sa rai a can. Na rasa yaya, na rasa uwa tana raye, ku kuma kun rasa 'yan'uwan da ya kamata ku taso tare. Ba na so ku riƙe 'ya'yansa da komai. Sun taso suna ɗaga ubansu daga gado zuwa bayan gida, an kuma ce musu ni ne sanadi. In kun haɗu da su ku fara gaishe su, ko ba su amsa ba.

Sau ɗaya na sake ganin Yaya. Bayan na dawo gida gaba ɗaya, aka ce min jikinsa ya yi tsanani. Na je ba tare da na aika ba. Anti Rabi ta gan ni a zaure, ta matsa gefe. Ɗakin na warin magani. Mutumin nan dogo ya koma kamar tarin tsumma a kan katifa, gemunsa fari. Na yi sallama, bai amsa da ƙarfi ba, amma na ga leɓensa ya motsa. Na zauna a ƙasa. Ana ta kiran sallar azahar a masallatan unguwa. Can ya yi magana, fuskarsa na kallon bango.

“Tsohon nan, Basudanen. Yana raye?”

“Yana raye, Yaya. Na ji ya aurar da 'ya'yansa duka.”

“Yaran Iliya fa?”

“Babbar ta zama malamar asibiti a Giwa.”

Ya lumshe ido. Sai ya ce, “To.”

Na jira ko zai ƙara wani abu. Na ce masa, “Yaya, ka yafe min.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Ja min ƙofar in za ka fita, Habu. Haske na damuna.”

Na tashi, na ja masa ƙofar a hankali. Ranar Talatar da ta biyo baya aka yi jana'izarsa. Na tsaya a sahun baya.